Sa Hannun Dodo

Shekara ashirin da biyu na yi a gidan gwanjon Mista Gawthorpe, nan garinmu na bakin teku, ina liƙa lamba a jikin tukwanen matattu da agogunansu. A wannan sana'a mutum yana ganin masu jin kai iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya kamo ƙafar Desmond Pickersgill ba.

Tsohon mai kantin magani ne da ya ajiye aiki. Shekara arba'in ya yi yana karanta rubutun likitoci, shi ya sa ya tabbatar wa kansa babu rubutun da zai gagare shi a duniya. Ba ma'aikacinmu ba ne. Amma duk ranar Talata, ranar da muke buɗe ƙofa kowa ya kwaso tarkacen gidansa a faɗa masa ko yana da daraja, sai ya zo da kwat ɗinsa mai ruwan ƙasa, madubin duba rubutu rataye a wuya, ya kame a teburin da ya fi kusa da hitar ɗumama ɗaki. Mista Gawthorpe ya ƙyale shi ne don sunansa yana jawo mana mutane.

Abu guda ya sani a duniya, shi ne sa hannun Ambrose Thirlwell.

Yaran yanzu ba su san Thirlwell ba, amma iyayenmu sun san shi. Shi ne dodon fina-finan tsoro na zamanin hoto baƙi da fari. Dogo ne siriri, kumatu a lotse, ido kamar na mujiya. Fim talatin da ɗaya ya yi, a cikin ashirin da shida daga akwatin gawa ya tashi. Uwata ta ce ranar da ta fara ganinsa a silima da takalmi ƙafa ɗaya ta koma gida. Ya rasu a 1979, ya bar masoya waɗanda yanzu duk sun yi furfura. Suna da ƙungiya, suna da 'yar mujalla mai fita sau huɗu a shekara, kuma suna sayen hoton da ya sa wa hannu da kuɗin da zai ishe ni hutun mako biyu a inda ake rana.

Ba a sayen ko ɗaya sai da takardar shaidar Pickersgill. Ya rubuta ɗan littafi mai shafi arba'in da takwas a kan sa hannun, ya buga da kuɗin aljihunsa, ni kuwa na ji bayanin har na haddace. Harafin T dogo ne, sandar kansa ta miƙe ta lulluɓe sauran sunan kamar alkyabba. Ƙarshen sunan ya ja doguwar jela ta lanƙwaso ƙasa, wadda ya raɗa wa suna wutsiyar jemage. A bakin wutsiyar akwai ɗigon tawada guda mai kauri, shi kuma ɗigon jini. Yakan ce duk mai ido zai ga hannun mutumin da ya leƙa lahira ya dawo. In ya faɗi haka sai ya lumshe ido ya yi shiru, a ba maganar lokaci ta ratsa mutane.

Wata Talata cikin watan Maris, ana ruwa kamar kullum, wata tsohuwa ta shigo tana jan jakar cefane mai taya. Gajeruwa ce, da hular leda ɗaure a haɓa, da sanda. Ta bi layi bayan wani mutum da ya rungumo fatar dila da aka cusa wa auduga. Da na ga tsayuwar ta yi mata yawa na kawo mata kujera da kofin shayi. Ta ce sunanta Misis Winifred Oddie, shekarunta tamanin da huɗu, kuma ta fara raba kayanta ne tun tana da ranta don ta san halin 'ya'yan ƙanenta: ranar da ta rufe ido, kafin shayin makoki ya huce sun kira motar shara. Ta zaro gwangwanin biskit daga jakar, ta ce a ciki akwai rubutun wani mutumin kirki, tana so ya faɗa hannun wanda zai riƙe shi da mutunci. Da ta ambaci sunan Thirlwell sai na kai ta teburin Pickersgill.

Ya sa farar safar hannu, yatsa bayan yatsa, don 'yan layi su gani. Ya buɗe gwangwanin. Hotuna huɗu ne da guntayen takardu bakwai. Bai yi minti guda yana duba su ba ya saki wata 'yar dariya ta hanci.

"Glenys," ya ce da ni, "zo ki ga abin da ban taɓa gani ba."

Na leƙa. Gaskiya rubutun babu kyan gani, kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. T ɗin gajere ne kamar lanƙwasasshen ƙusa, sunan yana gangarowa ƙasa kamar zai zube, a wani wurin ma an manta harafi ɗaya an dawo an cusa shi a sama.

Pickersgill ya juya ga tsohuwar, ya ɗaga murya irin yadda ake yi wa kurma. Ya ce duk wanda ya sayar mata da waɗannan ba ya tsoron Allah. Ya ce ya ga jabu daga nahiya uku, amma bai taɓa ganin wanda mai shi ya yi lalaci irin wannan ba, ko littafinsa bai buɗe ba. Ya nuna mata babu alkyabba, babu wutsiya, babu ɗigo. Sannan ya roƙe ta, cikin fara'a, ta bar masa guda ɗaya ya riƙa nunawa a lacca, don mutane su ga iyakar inda rashin kunya yake kaiwa. 'Yan layi suka yi dariya, har da mai dila.

Misis Oddie ta shanye shayinta. Ta ajiye kofin, ta tambaye ni ko akwai alƙalami. Na miƙa mata biro, ta ce ba wannan ba, mai tawada. Akwai ɗaya a aljihun Pickersgill, amma ya dafe shi da hannu ya ce nasa ba ya fita aro. Na ɗauko na Mista Gawthorpe daga ofis. Ta jawo takardar jerin kayan gwanjon makon, ta kifa ta, tana tambayata ƙarfe nawa bas ɗin unguwarsu yake tashi. Ina ba ta amsa, tana kallona, hannunta yana tafiya shi kaɗai. Ta gama, ta ɗan girgiza alƙalamin sau ɗaya, ta tura wa Pickersgill takardar.

Ga alkyabba, ga wutsiyar jemage, ga ɗigon jini yana ƙyalli bai ko bushe ba.

Pickersgill ya sa madubi a ido, ya cire, ya goge shi da gefen kwat, ya mayar. Kunnuwansa suka yi ja.

"Ɗan nan," in ji tsohuwar, "wannan da kake ta yi wa kirari, nawa ne. Na cikin gwangwani shi ne nasa."

Ta ba mu labarin a zaune, ba gaggawa, kamar tana faɗin yadda ake dafa miya. Tana da shekara goma sha tara kamfanin da yake shirya fina-finan dodon ya ɗauke ta aikin amsa wasiƙu, buhu biyu a mako. Sunan Thirlwell na yanka Albert Clegg, ɗan wani mahauci daga Lancashire. Yana da shekara goma sha biyu ya bar makaranta. Karatu yana yi a hankali, rubutu kuwa azaba ce gare shi, in ya kama alƙalami har harshe yake fitarwa. Ranar da mai kamfani ya ga sa hannunsa sai ya ce ba za a yi haka da shi ba, dodo ba ya rubutu kamar yaron mahauci, a ba yarinyar nan ta ƙirƙiro wani abu. Ita kuma ta taɓa cin kyautar iya rubutu a makaranta. T ɗin daga allon wani shagon shayi ta kwaikwayo shi. Wutsiyar ta ja ta ne don ta cike sarari. Ɗigon kuwa, alƙalamin kamfani ne mai yoyo, ya ɗiga a hoton farko, aka buga shi a mujalla a haka, shi ke nan ya zame mata dole ta riƙa ɗigawa da gangan har shekara ashirin da ɗaya. Ko bayan kamfanin ya rushe ba ta bar shi ba, ita ce mai amsa masa wasiƙa, daga baya ita ce mai kai shi asibiti.

Shi kansa Albert, in ji ta, ba ya rubuta wa kowa komai sai in ya kama dole. Na duba guntayen takardun da kyau. Ɗaya yana cewa ta sayo masa dusar kaji. Ɗaya maganin basir, da roƙon kada ta faɗa wa kowa. A bayan wani hoto an rubuta, "Ga Winnie, na gode." Ta ce wannan kusan kwata ɗin awa ya ɗauke shi.

Pickersgill ya gyara zama. Da ya buɗe baki sai ya ce abin a fili yake, matar nan ta zauna ta haddace shafi na goma sha biyu na littafinsa. Misis Oddie ta ce ba ta san ya yi littafi ba, ta tambaye shi ko akwai shi a laburare, don ita ba ta cika sayen littafi ba sai ta ji an yaba.

Mista Gawthorpe, wanda yake jin warin rigima tun daga nesa, ya kira ni gefe ya ce in bincika a tsanake kafin maganar ta fita gari. Mako uku na yi. Na samo kwafin wasiyyar mamacin, ga rubutun kaza a ƙasa, da shaidu biyu. Misis Oddie ta lalubo takardar yarjejeniyarsa da kamfani ta shekarar 1957, rubutun kaza. Ta kawo hotonta tana budurwa, zaune a tebur, alƙalami a hannu, ga tulin hotunan dodo a gabanta ya kusa kai mata haɓa.

Duk wanda na ajiye a gaban Pickersgill yana da amsarsa. Wasiyya, ai mutumin ba shi da lafiya lokacin. Yarjejeniya, ai a kan gwiwa ake sa wa irin waɗannan hannu, a cikin mota. Hoto, ai kowace yarinya tana iya zama a tebur.

Amma ya rame a makonnin nan. Wata rana ya same ni a ɗakin ajiya ina goge fitilu, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza igiyar madubinsa.

"Ɗari tara da sittin da biyu, Glenys," ya ce. "Takardun shaidar da na sa wa hannu ke nan. Akwai wanda ya zo daga Osaka, can wata uwa duniya, don ya gaisa da ni."

Na ji tausayinsa, har na fara neman abin da zan ce masa. Sai ya ƙara da cewa mata masu irin shekarun Misis Oddie kansu yakan rikice, ko akwai wanda ya san likitanta a yi masa magana a asirce. Na ci gaba da goge fitila.

Taron shekara na ƙungiyar masoya Thirlwell ya faɗo ranar wata Asabar cikin watan Mayu, a zauren wani otal da ke kallon teku. Maganar ta riga ta zaga, don haka shugabar ƙungiya ta ga gara a gayyaci tsohuwar a ji daga bakinta. Ni na ɗauko ta a mota. Mun tarar da mutum sittin da ɗaya, kusan kowa cikin baƙar alkyabba, fuska shafe da farar hoda, da haƙoran roba masu tsini. An kawo burodi da ƙwai, sai ka ga mutum ya cire haƙoran dodo ya ajiye a gefen faranti, wani ma na dodon ya fito masa tare da waɗanda likita ya ƙera masa.

Aka ba Misis Oddie kujera a gaba. Minti goma ta yi tana magana, kuma duk a kan Albert ne. Ta ce kaji goma sha huɗu gare shi, kowace da sunanta. Ta ce ɗan mahauci ne amma ba ya iya kallon jini, ranar da ta yanke yatsa da wuƙar buɗe wasiƙa shi aka yayyafa wa ruwa. Ta ce wajen ɗaukar fim, kafin a kwantar da shi a akwatin gawa sai an sa masa kwalbar ruwan zafi a ƙafa, kuma yana roƙon kada a rufe murfin har ƙarshe. Ta ce ranar da ya cika babu kowa a ɗakin sai ita, kuma abin da ya dame shi shi ne wa zai rufe wa kaji ƙofa. A nan ta tsaya ta gyara hularta.

Na duba zauren ko zan ga wanda abin ya taɓa. Fuskoki sittin da ɗaya masu hoda suna kallonta kamar ta zo karɓe musu gida. Da aka ba da damar tambaya, hannu ɗaya ne ya tashi, wata mata mai jan baki har haɓa. Ta ce duk ta ji, amma su nasu hotunan fa, da suka rataye a falo, yanzu mene ne matsayinsu?

Nan Pickersgill ya miƙe. Ashe ya yi shiri. Ya fara da gode wa Misis Oddie, ya kira ta taska mai rai. Ya ce ya yi kwanaki yana nazari, kuma ya gano cewa babu wanda ya yi kuskure, shi dai bai yi ba. Albert Clegg mutum ne, mai kaji, Allah ya ji ƙansa. Amma su ba Albert Clegg suka taru dominsa ba. Ambrose Thirlwell ba a haife shi a gidan mahauci ba, a gaban kyamara aka haife shi. Fuskarsa aikin mai kwalliya ce, alkyabbarsa aikin tela, muryarsa ma an gyara ta da na'ura. To don me za a ce hannunsa kaɗai sai ya zama na Albert? Sa hannu mai wutsiya shi ne na Thirlwell na gaskiya, ko hannun wa ya rubuta shi. Abin da ke cikin gwangwani kuwa sa hannun wani Albert Clegg ne, kuma shi a iya saninsa babu mai tara wannan.

Tafin da aka yi har gilashin taga sai da ya amsa. Shugaba ta ce a kaɗa ƙuri'a don maganar ta zauna. Aka ɗaga hannu, mutum hamsin da tara suka tabbatar cewa abin da ke rataye a falonsu na gaske ne. Ɗaya ya ƙi, don shi ma jabu aka taɓa ce wa nasa yana jin haushi. Ɗaya yana barci.

Na zaci tsohuwar za ta tashi mu tafi. Sai ta ƙwanƙwasa sandarta a ƙasa.

"Ɗan nan, tsaya in gane, kaina ya tsufa. Ka ce duk wanda hannun nan ya rubuta, na Thirlwell ne na gaskiya?"

"Haka na ce, Misis Oddie."

"Ko a wace shekara?"

Ya nemi ya zame. Amma mutum hamsin da tara suna kallonsa, hannuwansu ba su gama sauka ba. Ya ce ƙa'ida ƙa'ida ce.

"To madalla," ta ce. Ta buɗe jakarta ta fito da alƙalami da kwalbar tawada. "Wa yake so? Kyauta ne, ni ba ni da abin yi har ƙarfe huɗu."

Matar nan mai jan baki ce ta fara tashi, da takardar shirin taro a hannu. Kafin ta dawo kujerarta layi ya kai ƙofa. Misis Oddie ta sa hannu a takardun shiri, ta sa a tikitin jirgin ƙasa, ta sa a takardar goge baki, ta sa a cikin hular wani. Wasu suna karɓa su zaga su sake bin layi, wai na jikoki. Pickersgill ya tsaya a gefe yana cewa jama'a a yi tunani, a yi tunani, mutane suna kauce masa kamar ginshiƙi. Kowa murna yake ya samu na gaske a banza. Sai a hanyar gida, ina jin, suka fara lissafin cewa abin da kowa yake da shi a aljihu ba ya tsada a bango.

Misis Oddie ba ta tsaya nan ba. Ta sa wa mai soya kifi da dankali hannu a allon farashinsa. Ta zauna a bikin tara taimako na coci ta sa wa duk wanda ya sayi waina. Sannan ta tuna akwai kwali biyu a saman silin ɗinta, cike da tsofaffin hotunan kamfani da ba a taɓa rubutu a kansu ba, da sauran kwalaben tawadar wancan zamani. Daga nan aka fara kawo mana su ranar Talata, uku-uku, huɗu-huɗu, takarda tsohuwa, tawada tsohuwa, hannu shi ne dai hannun. Cikin watan Agusta mun sayar da guda a kan fam shida, kuma wanda ya saya firam ɗin yake so.

Pickersgill ya sanar a mujallar ƙungiya cewa shi yana iya bambanta na da da na yanzu, wai na yanzu wutsiyar tana da nauyin tsufa. Mista Gawthorpe, wanda ya gaji, ya jera masa goma a tebur, biyar da muka san tun shekaru suke, biyar da aka rubuta a gabana ranar Litinin. Ya yi awa guda da madubi. Huɗu ya ci daidai. Mista Gawthorpe ya ce da kwabo aka jefa sama da an samu biyar.

Cikin watan Satumba ƙungiya ta tura shi ya je ya roƙe ta. Ya nemi in raka shi, wai ni take jin maganata. Gidanta ɗan ƙarami ne a bayan tashar bas, da shingen itatuwa a gaba wanda ya yi tsawo har ya rufe taga. Ta bar shi a bakin ƙofa sai da ya goge takalmi sau biyu. Ta ba ni kujera mai laushi, shi ta ba shi ta katako.

Ya yi magana mai tsawo a kan tarihi da amana da tsofaffin da suka sa abin da suka tara a cikin hotunan nan. Ta bar shi ya gama. Ta ce ta ji, dama hannunta ya fara ciwo, kuma za ta daina sa hannu a hoto bisa sharaɗi biyu. Na farko, ya sake buga littafinsa, ya sa rubutun Albert na gaskiya a ciki, da sunansa, da bayanin cewa mutumin kirki ne. Na biyu, tun da mijinta ya rasu babu mai aske mata shinge, gwiwoyinta kuma sun ƙi. Duk ranar Alhamis ya zo da almakashi.

Na ɗauka shingen ne zai tsaya masa a wuya. Ko kaɗan, nan take ya amsa. A kan na farko ne ya yi ciniki kamar mai sayen tsohuwar mota. Ta ce shafin farko, ya ce na ƙarshe. Ta ce shafi guda cur, ya ce rabi. Aka tsaya a kan rabin shafin ƙarshe, kuma da littafin ya fito na ga an yi shi da irin ƙananan haruffan da ake rubuta illar magani.

A ranar da muka je ɗin na tambaye ta ko har yanzu tana so mu sayar mata da na cikin gwangwani. Ta ce a'a. Ta ce ta ga masu sayen da idonta, Albert ba zai iya barci a gidajensu ba, tsoro zai ji.

Wata Alhamis cikin watan Oktoba na biya ta layinsu zan kai mata ƙwai. Ana yayyafi. Pickersgill yana kan ɗan tsani, ruwa yana ɗiga daga hancinsa, yana datsa shinge a hankali, ganye ɗaya-ɗaya. Na gaishe shi, ya amsa bai juyo ba. Na shiga na same ta a teburin kicin, kwalbar tawada a buɗe, tana jan wutsiya a ƙasan wata takarda mai hoton jiragen ruwa. Ta ce surukin mai kawo wasiƙa ne ya roƙa.

Na ce, "Misis Oddie, ba kin yi alkawari ba?"

"Na ce na daina sa hannu a hoto," ta ce. "Wannan kalanda ce."

Ta girgiza alƙalamin, ta hura wa takardar iska. Sannan ta miƙa sandarta ta ƙwanƙwasa gilashin taga, ta nuna wa Pickersgill wajen ƙofa, inda ya bar wani reshe a tsaye.